Mota a Gidan da Ba a Shiga

Shekarun baya, lokacin ana kan haƙa harsashin masaƙa a Kakuri, akwai wata mota a gidanmu a Makera. Ba a ƙofar gida ba fa, a tsakar gida, tsakanin madafa da bishiyar gwanda. Baƙa ce, ƙirar Ingila, mai dogon hanci, fitilunta a waje kamar idon kwaɗo. Ta girme ni.

Yadda aka yi ta shigo kuwa, mahaifina a loko yake aiki, wajen gyaran jiragen ƙasa. Wani Bature da Baba ya yi aiki a ƙarƙashinsa zai koma ƙasarsu, motar ta daina tashi, ba mai so, sai ya ce ya bar wa Baba. Baba bai taɓa riƙe sitiyari ba, amma ya ce ba zai mayar wa mutum kyautarsa ba. Aka turo ta har filinmu, lokacin zana ce kawai ta kewaye gidan. Da Baba ya samu hali sai ya ja katangar ƙasa, ya gina zaure, mota tana ciki. Shi ke nan ta zama 'yar gida. Kajin mahaifiyata suna ƙwai a kujerar baya, a kan rufin kuma ake shanya barkono da kuɓewa.

Ni kuma a lokacin ba na zama wuri ɗaya. Makaranta na bar ta tun ban gama elemantare ba. Aka kai ni wajen tela, na ce zama ya yi yawa. Na yi tallan kananzir, na ce wari. Na bi wata babbar mota hanyar Kachiya a matsayin yaron mota, ranar da direban ya zage ni na sauka na dawo a ƙafa. Kowane aiki ina shiga da zafi, kafin a ce me na huce.

Wata rana da la'asar, farkon damina, Baba ya kira ni zaure. Ya ce, "Na aika wa baffanka saƙo. Bayan kaka zai zo ya tafi da kai ƙauye. Tunda gari ya gagare ka, ka je ka riƙe fartanya."

Ba wai na raina noma ba ne, amma ni a Kaduna na buɗe ido, kukan jirgi ne yake tashe ni da safe. Na waiga ta ƙofar zaure, abin da idona ya fara gani ita ce motar. Sai kawai na ji bakina ya ce, "Baba, ku bar mini motar nan in gyara."

Ya dube ni, ya dubi motar. Ya ce, "Wa ya hana ka? Shekara nawa tana nan kana wuce ta. In ka gama abu guda a rayuwarka kafin baffanka ya zo, sai mu yi magana. In ba ka gama ba, kar ka sa ni surutu."

Ina da wani aboki, ko in ce ogana, don ya girme ni sosai. Bakanike ne, Ibo, garejinsa na Kakuri. A Kaduna ya tashi, in yana zagi da Hausa sai ka rantse a Tudun Wada aka yanke masa cibiya. Oga nake ce masa. Na same shi na ce ina so in tayar da injin motarmu.

Ya ce, "Inji? Bar maganar inji. Inji ko ya shekara goma a kwance ana tashinsa. Ka leƙa ƙasa tukuna. Akwai dogayen ƙarafa biyu da motar take zaune a kai, shasi ke nan. In tsatsa ta cinye shi, to ba mota gare ka ba, akurki gare ka. Bari in zo ran Lahadi in gani."

Ran Lahadi, da ya taso daga coci, sai ga shi da akwatin kayan aiki a bayan keke. Baba na zaune a zaure, an saki asabarin ƙofar ciki. Suka gaisa, Baba ya sa na kawo masa ruwa. Oga ya ce, "Baba, na zo in duba motar nan ne."

Baba ya ce, "Madalla, Allah ya yi albarka. Sai dai gidan ba a shiga."

Wallahi sai a lokacin abin ya faɗo mini. Gidanmu namiji baligi in ba muharrami ba iyakarsa zaure, ko mai gyaran rufi sai an kai mata maƙwabta. Oga kuwa ko a jikinsa. Ya yi dariya ya ce, "Ai na sani, Baba. Na ɗauka dai za a yi wa bakanike rangwame. To ita ma motar kulle take yi?"

Baba ya ɗan murmusa ya ce, "Tun da ta shigo dai ba ta fita ba."

Haka aikin ya kasance. Mota ba ta fita, bakanike ba ya shiga. Ni ne idonsa, ni ne hannunsa. In shiga in kwanta ƙarƙashinta in duba, in fito in zana masa da tsinke a ƙasan zaure. In kankaro tsatsa in kawo masa a faifai, ya murza da yatsa ya ce wannan ta sama ce, wannan kuma ta ci ciki. Da ya ga zanena ba ya fahimtuwa, sai ya zagaya lungun bayan gidanmu ya tsaya daidai inda motar take, katanga na tsakaninmu. Ya ɗaga murya ya ce, "Ɗauki guduma ka bi ƙarfen kana bugawa, ina ji daga nan."

Na fara daga gaba. Ƙarfe na amsawa tangaran. "Lafiya lau. Matsa." Na matsa. "Lafiya. Matsa." Da na kai baya ta hagu, kusa da taya, sai sautin ya mutu.

"Tsaya! Ka ji? Kamar kana dukan kabewa. Me ke wajen?"

Na duba. Ashe nan ne ruwan wanke-wanken mahaifiyata yake bi, ruwan toka da na kanwa, shekara da shekaru, yana kwanciya a ƙarƙashin motar kafin ya fita ta rariya. Ƙarfen wajen ya kumbura, yana ɓarewa falle-falle kamar albasa.

Oga ya ce a yanke wurin gaba ɗaya a sa sabon ƙarfe. Ni kuma da na auna aikin a raina, sai halina ya motsa. Na samu burushin ƙarfe na goge saman, na shafe da jan fenti, ya yi kyau kamar sabo. Na ce ai Oga ba zai gani ba. Ban yi tunanin cewa motar ita ta sani ba. Ranar da na sa jak a wurin don in cire taya, ina ɗagawa sai na ji ƙurus, kan jak ɗin ya huda ƙarfen ya shige ciki, motar ta zauna a gefe guda. Kaji suka watse suna kuka. Allah ya taimake ni hannuna ba ya ƙarƙashi.

Da yamma Baba ya dawo daga aiki, ya tsaya ya dubi ramin da jan fentin da ke kewaye da shi. Sai ya wuce ya yi alwala. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Sai na yi abin da na saba, na gudu. Kullum da safe in fice, in haye gada in shiga cikin gari kallon ƙwallo, ko in zauna a tasha ina kallon jirgin Ikko da na Kano, ina cewa in na shige ɗaya wa zai gan ni. Sai magariba in dawo, in bi ta gefen motar ba na ko kallonta.

Ni ɗan fari ne, saboda haka mahaifiyata ba ta kiran sunana, ba ta kuma nuna tana bayana a gaban mutane. Sai dai "kai wannan" ko "yaron nan". Wata rana na dawo, na ga tsakar gida ta canja. Ta kwashe tukwanenta da wurin wanke-wanke ta mayar can ɗaya kusurwar, ta haƙa wa ruwan sabuwar hanya da hannunta. An share ƙarƙashin motar tas, an zuba yashi. Kaji kuma an yi musu wuri a bayan madafa. Tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Kai wannan. Kajina suna can suna kwana cikin hayaƙi saboda wani. In an fasa aikin a faɗa mini in mayar da su."

Washegari na koma wajen Oga na gaya masa gaskiya. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Fenti! Ka yi wa gawa kwalliya. To yanzu ka yarda a yanke?" Ya ba ni kurfin sarar ƙarfe da zarto, ya ce kafin in sake shiga ƙarƙashinta in tokare ta da kututture ta kowace kusurwa, in ba haka ba shi da kansa zai kai ƙarata wajen Baba.

Jama'a, yankan ƙarfe a kwance ba wasa ba ne. Tsatsa na zubo maka a ido, a baki, in ka tofa yawu ja. Damina ce, wani lokaci ina tsakiyar aiki ruwa ya sauko, in zauna cikin motar ina jira. Hannuna ya yi ƙulu-ƙulu, ya fashe, ya warke, ya yi kanta. Na yi ta yanka har na kai inda guduma take amsawa da kyau ta kowane ɓangare. Na auna gurbin da kwali na kai wa Oga, shi kuma ya yanko ƙarfe daga shasin wata matacciyar babbar mota ya lanƙwasa daidai kwalin. Na kawo, bai shiga ba. Na mayar, ya rage. Na sake kawowa. Mutanen unguwa har sun saba ganina da ƙarfe a kafaɗa tsakanin Makera da Kakuri, masu shayi suna ce mini, "Direba, yaushe za a ɗana mu?"

Da ƙarfen ya zauna daidai, sai babbar matsalar ta taso: da me za a haɗa? Walda sai Oga, Oga kuma ba ya shiga. Na ce ya ba ni aron kayan in yi da kaina. Ya ce, "In ba ka wutar walda a gidan da ke da rufin ciyawa? Kana so Baba ya kwana a tasha?" Na ce to a ɗaure da noti. Ya ce noti a wurin nan, kafin ka kai Kachiya ya kwance. Sannan ya ce, "Wai babanka me yake yi a loko?"

Na ce gyaran jirgi.

"Wane gyaran?"

Ashe ban sani ba. Tun ina yaro nake ganin Baba yana fita da asuba yana dawowa da baƙin hannu, ban taɓa tambaya ba.

Oga ya ce, "Ribit yake bugawa, sakarai. Ƙusar nan da ake gasawa ta yi ja a daka ta, ta riƙe tukunyar jirgi. Kana kwana gida ɗaya da maganin abinka kana zuwa kana damuna."

Na sha wuya kafin in iya buɗe wa Baba baki. Na same shi bayan ya ci abinci, na tsuguna na ce, "Baba, wai an ce ribit zai riƙe wurin nan." Ya ce, "Wa ya ce?" Na ce Oga. Ya ce, "Ya yi gaskiya." Na ce, "To ko za ku..." Ya ce, "Ni ba zan buga ba. Kai ka ɗauko aikinka. Amma ribit ba ya yiwuwa da mutum ɗaya, dole wani ya tokare ta baya. Huda ramukan tukuna, ka jera su daidai, in zo in gani."

Na yi kwanaki ina huda da abin hudan nan na hannu, wanda ake dannawa da ƙirji ana murzawa. Baba ya sa wani maƙeri a unguwarmu ya ƙera mana ƙusoshin, ya kuma aro zugazugi da awartaki. Saura mai hura wuta. Ba a shigo da kowa, gidan kuma daga ni sai su biyu, ƙannena duk an kai su ƙauye hutu. Baba ya dubi ɗakin mahaifiyata ya yi gyaran murya. Ta fito tana ɗaura zani ta ce, "Ni dai wuta zan hura. Ban san aikin kowa ba."

Ran Asabar da yamma aka yi. Ban taɓa ganin mahaifina a kwance a ƙasa ba sai ranar. Ya tuɓe riga, ya shiga ƙarƙashin motar da wani dunƙulen ƙarfe mai nauyi. Inna tana zuga gawayi, in ƙusa ta yi ja ta miƙo da awartaki, in zura a rami, Baba ya tokare kan ta baya, ni kuma in daka ɗaya bakin har ya baje. Oga na bayan katanga a lungu, ya kasa kunne.

Ta farko na tsaya gyara tsayuwa, na duba nan na duba can. Baba ya ce, "Ta huce. Cire ta." Na ce ai har yanzu da zafi. Ya ce, "Na ce cire. In ta fito wuta ba ta jiran ka gama tunani." Ta biyu na daka ta karkace. Daga bayan katanga Oga ya yi ihu, "Wannan ba ta zauna ba!"

Baba ya ce, "Gaya wa na bayan katangar nan na riga shi ji."

Inna ta ƙyalƙyale da dariya, ta yi sauri ta rufe baki da gefen mayafi.

Ta uku ta zauna. Na ji ta a hannuna tun kafin kowa ya faɗa, guduma ta dawo mini da wani irin sauti mai daɗi. Baba ya matsa rami na gaba. Oga ya ce, "Yauwa! Haka!" Muka yi ta yi har rana ta yi ja. Da muka fito, bayan Baba duk yashi, gashin hannuna ya ƙone, Inna kuma tana mita wai mun cinye mata gawayin sati.

Daga nan na bi shasin gaba ɗaya na kankare, wannan karon har sai ƙarfe ya fito fari, sannan na shafa jan fentin, ya bushe na bi da baƙin mai. Ranar da na sa jak a wurin da ya taɓa hudawa, motar ta tashi cak, ko ƙara ba ta yi ba. Na zauna a ƙasa ina kallonta kamar wawa.

Amma Baba bai ce mu yi maganar ba. Kaka ta wuce, shiru. Ni kuma na san inji bai tashi ba, to an gama ke nan ko ba a gama ba? Ba ni da ƙarfin halin tambaya. Sai ga baffana ya sauka daga jirgi da buhun dawa da ɗaurin rake. Ya dube ni ya ce, "Kai, ka yi ƙarfi, kunya biyu za ka riƙa ɗauka." Na shiga ɗaki na haɗa kayana cikin akwatin kwano.

Da safe, bayan an karya, Baba ya ce in ɗauko diga. Na ɗauka wani aiki zai sa ni na sallama. Ya ce wa Inna ta shiga maƙwabta. Sannan ya je bayan motar, ya auna faɗinta da taku, ya je jikin katangar da ke kallon lungu ya auna, ya ɗaga diga ya kafta.

Baffa ya fito da gudu. "Yaya, lafiya? Katanga lafiyayya?"

Baba ya miƙo mini digar ya ce, "Ci gaba. Ka aika a kira mai gyaran nan ya zo ya ɗauki abarsa, ni na gaji da hira ta bayan katanga."

Kafin hantsi lungu ya cika da mutane, kowa da shawararsa. Oga ya iso a keke yana haki. Ƙura na lafawa ya tsaya a bakin gurbin, bai tsallako ba sai da Baba ya ce bisimilla. Ya zagaya motar da ya yi wata da watanni yana yi wa magani bai taɓa gani ba. Ya ce, "Wannan ce? Duk wahalar nan? Ni a raina ta ninka haka girma!" Ya kwanta ya shige ƙasa, ya daɗe, ya fito yana kaɗa kai. "Baba, wannan ai aikin jirgi kuka yi mata. Motar za ta ruɓe ta bar wurin nan."

Baba ya ce, "Ni tokarewa kawai na yi."

Baffa ya matso ya ce, "To Yaya, yaron fa? Jirgin rana nake so mu bi."

Baba ya ce, "Wane yaron? In ya bi ka wa zai mayar mini da katangar? Shi ya jawo aka fasa ta."

Iyakar maganar ke nan da aka ce za a yi. Muka tura mota har Kakuri, ni a sitiyari, Oga da samarin unguwa a baya, masu shayi suna tafi. Baffa ya koma shi kaɗai, ya bar mana raken.

Ranin nan kaf, da safe ina kwaɓa ƙasa ina yin tubali, da rana ina garejin Oga muna fama da inji. Ya ba mu wuya, sai da wata daminar ta kusa sannan ya tashi, da hayaƙin da ya kori kowa daga garejin. A wajen Oga na zauna na koyi aikin har ya yaye ni.

Mutane suna cewa motar ce ta gyara ni. Ni ban sani ba. Har gobe ina da ɗan gajen haƙuri, in aiki ya ja ƙafata tana ƙaiƙayi. Abin da na sani shi ne, a da in na bar aiki ni kaɗai nake barinsa, ba wanda ya kwashe tukwanensa domina, ba wanda ya kwanta a yashi. Wannan karon kowa ya matsa mini wuri, kuma ba wanda ya ce don ni ya yi. Irin wannan ba a iya tafiya a bar shi.

Katangar kuwa na mayar da ita, amma ni ba magini ba ne. Wurin ya ɗan turo ciki waje, ƙasar ma ba kalarsu ɗaya da ta sauran ba. Magina sun sha ce wa Baba su rushe su daidaita masa. Kullum sai ya ce a bar ta, tana tsare gida.